Ɗakin Gilashin Mista Ebenezer

Ranar Alhamis da hantsi Koci Entwistle ya kira Eli Bobai ofishinsa da ke bayan filin atisaye a Manchester. Bai ce masa ya zauna ba, da ma Eli ba zaman zai iya yi ba. Kocin ya juyo masa fuskar kwamfuta. Da'ira ce a zane, wato filin kurket, da ɗigo a tsakiya inda mai bugu yake tsayawa. Daga ɗigon layuka sun fita zuwa duk inda Eli ya aika ƙwallo cikin shekara goma da ya yi yana buga wa kulob ɗin gundumar. Gaba da gefen dama layukan sun cunkushe kamar tsintsiya. Gefen hagu kuwa fili ne fetal, sai 'yan gajerun layuka nan da can.

"Wannan hoton yana cikin kwamfutar kowane kulob a ƙasar nan," in ji kocin da Turanci.

Eli ya sani. A kurket mutum ɗaya ne ke jifa, mai bugu kuma ya tsaya da faffaɗar sanda yana kare turaku uku da ke bayansa, yana neman inda zai aika ƙwallo ya samu maki. Sauran abokan hamayya sun bazu a fili suna jiran su tare ko su cafe. Da zarar sun gane cewa dama kaɗai kake bugawa, sai su tara mutanensu a dama, mai jifa ya riƙa auna ƙafafunka. Ka yi awa guda a tsaye ba maki, haƙurinka ya ƙare, ka yi gangancin da zai fitar da kai. Haka aka yi wa Eli tun farkon bana.

"Wasan Litinin a Birmingham shi ne na ƙarshe, kwantiraginka ma da shi zai ƙare," in ji kocin. "Ba maki ɗari nake nema a wurinka ba. In sun jefo maka a ƙafa, ina so in ga ka dake ta zuwa hagu da gaske. In na gani, mu haɗu a atisayen Nuwamba. In ban gani ba, Eli, wani zan ba gurbinka. Ka fi kowa iya bugun dama a ƙungiyar nan, amma rabin fili ba ya isar mutum."

"Ina gwadawa, Koci. Kullum ina gwadawa."

"Na gani. Hannunka na zuwa rabi sai ya tsaya, kamar an kira sunanka."

Ya koma flat ɗinsa ya kasa zama. Ya dafa shayi ya manta da shi. Ya ɗauki lema ya tsaya gaban madubi yana gwada bugun, a nan kam hannun yana tafiya lafiya, tunda babu ƙwallo. Ya share kicin ɗin da ya share jiya. Da la'asar ya kira yayarsa Virtue, wadda take koyar da wasanni a wata makaranta a unguwar Lozells ta Birmingham, garin da iyayensu suke.

"Yaya, ina jin sun gama da ni."

"Wa ya gama da kai? Taho gida gobe, kar ka jira motar kulob. Ni zan jefa maka. Hannuna bai mutu ba tukuna."

A jirgin ƙasa daga tashar Piccadilly ta Manchester bai zauna a kujerar da ya kama ba. Ya tsaya kusa da ƙofa da doguwar jakarsa tsakanin ƙafafu, yana sauya tsayuwa daga wannan ƙafa zuwa waccan, har tashar New Street a Birmingham. Daga can ya hau bas zuwa Handsworth, layin da mahaifinsa ya tuƙa shekara ashirin da biyu kafin ya yi ritaya.

Gidan su Eli gidan 'yan wasa ne, falon ma ya shaida. Mahaifiyarsa Celestina ta buga wa jiharsu ƙwallon hannu kafin ta zama nas, hotonta na nan tana sama da ƙwallo a hannu. Virtue ta yi jifan mashi har ta wakilci yankin tsakiyar Ingila. Mahaifinsu Bobai, mutumin Zonkwa, ya koyi kurket a makarantar kwana a Jos, shi ya fara damƙa wa Eli sanda yana ɗan shekara biyar. Lambobin yabo sun cika kan talabijin har sun gangaro kan taga.

"Dubi wuyanka," in ji Celestina tun daga ƙofa. "Ba sa ba ku abinci a Manchester ɗin? Zauna, akwai faten acca."

"Mama, na ci sandwich a jirgi."

"Sandwich. Zauna na ce."

Ya zauna a bakin kujera, gwiwarsa tana rawa har cokula suna ƙara a kan tebur. Ya ba su labarin hoton da kocin ya nuna masa, Hausarsa tana tuntuɓe da Turancin Birmingham. Bobai ya saurara, ya ajiye cokali.

"Kocin nan bai san kurket ba. Ɗan wasa na gaskiya sandarsa a miƙe take, gaba ko dama. Bugun hagu na 'yan sare-sare ne. Tun kana ƙarami na gaya maka."

"Baba, 'yan sare-saren ne ke da contract."

"Da sanda miƙe ka ci maki ɗari sau goma sha ɗaya."

"Na ƙarshe shekara uku ke nan."

Bobai ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da ci. Celestina ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

Washegari Asabar da safe Virtue ta zo da bokitin ƙwallaye, suka fita lambun da ke bayan ɗakin girki. Lambun dogo ne siriri, irin na gidajen layin. A dama doguwar katangar bulo ce. A hagu gajeren shingen katako ne, bayan shingen kuma, taku huɗu daga inda Eli yake tsayawa tun yana yaro, ɗakin gilashin maƙwabcinsu ne, inda yake noman tumatir da attarugu. A nan Eli ya koyi wasa, kuma dokar gidan ɗaya ce: duk ƙwallon da ta tafi hagu, ko a ƙasa ko a sama, mai bugu ya fita. Bobai ne alƙali, zai ɗaga yatsa ɗaya sama, wasan ranar ya ƙare.

"Nan za mu yi?" in ji Eli. "Mu je park mana."

"Park ya cika da masu ƙwallon ƙafa. Tsaya kawai, ka buga ta ƙasa-ƙasa."

Ta jefo a ƙafarsa. Ya tare. Ta sake, ya tare. Na uku ya ɗaga sandar da niyya, hannun ya zo rabi ya tsaya, ƙwallon ta daki cinyarsa.

"Kai, ƙane, haka kake yi a gaban mutane? Ni da kaina sai in fitar da kai, kuma mashi na koya."

"Ki jefo kawai."

Sun yi kusan ashirin a haka, sai suka ji an yi gyaran murya. Wani tsoho ne ya jingina da shingen, da hular kwano da butar ban ruwa a hannu. Mista Ebenezer ke nan, mutumin Jamaika, wanda yake gidan tun kafin su Bobai su zo Ingila. Ya haura tamanin.

"Har yanzu?" in ji shi da Turancinsa mai zaƙi. "Yaro, na biya kuɗin talabijin don in ga ranar da za ka juya wuyan hannun nan. Zan mutu ban gani ba ke nan?"

Eli ya rusuna ya gaishe shi kamar yadda aka koya masa, ya ce, "Mista Ebenezer, ai gilashinka nake kiyayewa."

Da wasa ya faɗa, amma da maganar ta fita sai ya ji ba wasa ba ce. Tsohon ya ajiye butar.

"Jira ni."

Ya shiga ɗakin gilashin ya fito da wata tsohuwar ƙwallo, jar fatarta ta koɗe ta zama ruwan ƙasa.

"Ka gane ta? Shekararka tara. Ina tsaye a nan ina kallo, babanka ya jefo maka a ƙafa, ka juya hannu haka, tas! Ta fasa gilashin sama ta sauka cikin attaruguna. Wallahi ban ga bugu mai kyau irin wannan ba tun da na bar Kingston. Na shiga gida in sa takalmi in zo in taya ku murna, sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, ga babanka, ga mamanka, ga wannan yarinya, ga ka, dukanku a durƙushe a kan dakalina. Mutanen layi suna leƙowa. Na ce ku tashi, babanka ya ƙi. Na ce gilashi ne kawai, ya ce a'a, yaron nan ba zai sake ba har abada. Ni ban san abin da zan yi da mutum huɗu a durƙushe ba. A ƙasarmu sai a coci."

Eli ya tuna sanyin simintin a gwiwarsa, da hannun mahaifinsa a ƙeyarsa yana danna kansa ƙasa. Abin da bai tuna ba shi ne bugun. Ya juya. Iyayensa suna tsaye a ƙofar kicin, da alama sun ji komai.

"Baban Virtue," in ji Celestina da Hausa, a hankali, "faɗa masa. Kafin gilashin nan ya fashe, wa ke koya masa bugun hagu?"

Bobai ya dubi ƙasa.

"To ni zan faɗa. Eli, babanka a Jos da bugun hagu aka san shi. Sau biyu yana fasa tagar ɗakin kimiyya daga tsakiyar fili. Mu 'yan makarantar mata in an kai mu kallo, gefen hagu muke gudu mu zauna don can ƙwallonsa take zuwa. A nan na fara ganinsa."

"Celestina."

"Shekara ashirin da ɗaya ina jin wannan magana ta sanda miƙe ina yin shiru, don yaron yana cin wasa. Yanzu aikinsa ne zai tafi."

Bobai ya sauko matakala biyu zuwa lambun, yana dafa gwiwarsa mai ciwo. Ya yi magana ba tare da ya kalli ɗansa ba.

"Shekararmu biyu kacal a ƙasar nan a lokacin. Takardunmu ba su zauna ba. Landlord, mai gidan hayar, ya gaya mini waɗanda suka riga mu, maƙwabta ne suka kai ƙararsu wurin hukumar gari, ya sallame su. Da na ji ƙarar gilashin nan, na ga kayanmu a bakin titi. A gida in ɗanka ya yi wa maƙwabci ɓarna, ka kama hannunsa ku je ku durƙusa, kuma ka tabbatar bai sake ba. Shi na yi." Ya gyara tsayuwa. "In na ce maka tsoro nake ji, za ka raina ni. Sai na ce maka haka kurket yake. Da na ga kana ci gaba da shi, ni ma na yarda da maganar."

"Baba, ka san sau nawa aka fitar da ni bana ina tsaye kamar gunki?"

"Na sani. Ina kallo."

"Kana kallo. Jiya ma a kan tebur ka maimaita mini."

Eli ya jingine sandar da katanga, ya bi ta cikin gida ya fita titi da kariyar ƙafa ɗaya ɗaure a ƙwaurinsa. Sai da ya kai Soho Road ya lura, ya kwance ta ya riƙe a hannu. Ya wuce shagunan yadi da na gwal da masu sayar da doya, ya kai ƙarshe, ya juyo. Ya shiga park ya zagaya tafkin sau biyu. Ya zauna a benci, bai yi minti ɗaya ba ya tashi. Yana ta lissafin wasannin da suka wuce, wanda aka fitar da shi da maki tara, wanda aka fitar da shi da huɗu, da shekarar da aka ce ana duba shi don ƙungiyar ƙasa sannan aka daina maganar. Fushin yana zuwa ya tafi. Abin da bai tafi ba shi ne Litinin, saura kwana biyu, kuma sanin dalilin bai saki hannunsa ba. Ya gwada bugun da kariyar ƙafar a gefen tafki, wata mata mai kare ta kauce masa.

Da ya dawo bayan azahar, ya tarar an yi aiki. Mista Ebenezer da Virtue sun kwashe tukwanen tumatir da attarugu daga ɗakin gilashin sun jera a bakin ƙofarsa. Tsohon ya kafa kujera can nesa, da kofin shayi a hannu. Bobai yana tsaye a wurin alƙali, bayan inda Virtue take jifa.

"An soke doka," in ji Virtue. "Mai gilashi ya ce a fasa. Alƙali ya amince. Ɗaura abinka."

Eli bai kalli mahaifinsa ba. Ya ɗaura, ya tsaya. Ƙwallo ta biyar ya samu ya ɗan karkata sandar, ta gangara hagu a hankali ta taɓa gindin shingen. Ya ɗaga kai, sai ga yatsan Bobai a sama.

"Baba!" in ji Virtue.

Bobai ya dubi yatsan nasa kamar na wani ne. Mista Ebenezer ya yi dariya har shayi ya zube masa a wando.

"Sa hannun nan a aljihu," in ji Celestina daga taga. "In ya sake fitowa zan ɗaure shi da ɗankwali."

Aka ci gaba. Ƙwallo talatin, arba'in. Eli yana gumi, yana zagin kansa da Turanci ƙasa-ƙasa don kada uwarsa ta ji. Kafaɗar Virtue ta fara ciwo. Duk bugun da ya yi hagu a ƙasa yake tafiya, a sanyaye, kamar mai ajiye ƙwai. Gilashin yana nan yana ƙyalli, ko gezau.

"Ba zai yiwu ba," in ji shi. Ya jefar da safar hannu. "Kwana biyu ba za su gyara shekara ashirin ba. Ku bar shi kawai."

Bobai ya tako a hankali ya miƙa hannu.

"Ba ni sandar."

"Baba, gwiwarka."

"Ba ni."

Ya tsaya a wurin, tsoho mai shekara sittin da bakwai, da silifa da wandon zaman gida. Ya buga sandar a ƙasa sau biyu. Ya ce wa Virtue ta jefo a ƙafa, kada ta ji tausayinsa. Na farko ya kuskure, ya yi tangaɗi. Na biyu ma haka. Na uku ƙafarsa ta dama ta ja baya kaɗan, ƙugu ya juya, wuyan hannu ya naɗe a kan ƙwallon, ta tashi ta haye shingen. Ƙarar ta cika layin, wani kare ya kama haushi gida uku daga nan.

Bobai yana tsaye da sandar a kan kafaɗarsa ta hagu, bakinsa a buɗe. Sannan ya ajiye ta, ya nufi shingen, ya fara lanƙwasa gwiwa.

"In ka durƙusa mini yau zan kira 'yan sanda," in ji Mista Ebenezer. "Tashi, Bobai! Shekara ashirin kana zaune kusa da ni da wannan hannun, ka bar ni ina kallon talabijin?"

Eli ya kama hannun mahaifinsa ya miƙar da shi.

"Yaya ka yi da ƙafar?" ya tambaya.

"Kar ka kai mata sandar. Jira ta iso ka. Ƙafa baya, ƙugu, sannan hannu. Hannu ne na ƙarshe. Kai kana farawa da hannu, shi ya sa yake samun lokacin tsayawa."

Sai da aka yi wasu goma sha biyu kafin Eli ya fasa gilashinsa na farko. Na biyu bai jima ba. Ana shirin na uku Celestina ta fito da tsintsiya da abin kwasar shara.

"Ya isa haka. Tumatir ɗin bawan Allah za su kwana a sanyi."

Ranar Lahadi bayan coci a Lozells, suka je park shi da Virtue da mahaifinsu. Wani lokaci bugun ya zo, wani lokaci hannun ya tsaya kamar da. Eli ya ƙirga: cikin goma, huɗu. Da yamma ya koma otal ɗin da ƙungiyarsa ta sauka, yana gwada juyin ƙugun a cikin lif.

Litinin aka tashi da gajimare a filin wasan Edgbaston, 'yan kallo ba su da yawa, yawanci tsofaffi da filas ɗin shayi da bargo a gwiwa. Wasan na kwana huɗu ne, ƙungiyar Eli ce ta fara bugu. Kafin sha biyu an fitar da mutum biyu, ya sauko matakala da sandarsa. Yana isa tsakiya ya ga abin da ya saba gani: mutum bakwai a dama, hagu kuwa biyu kawai, su ma a tsaye kamar masu jiran bas.

"Ƙofar hagu a kulle take, jama'a," in ji ɗan wasan abokan hamayya mai tsaron bayan turaku, da ƙarfi don Eli ya ji. "Makullin ya ɓata tun yana firamare."

Mai jifan dogo ne, mai sauri. Ta farko a ƙafa, Eli ya tare. Ta biyu a cinya. Ya yi ƙwallo goma sha huɗu bai samu maki ko ɗaya ba. Tsakanin kowane jifa yana barin wurinsa, ya taka 'yan taku, ya gyara safar hannu, ya daddanna ƙasa da sanda, ya dawo. A barandar 'yan wasa yana hango Koci Entwistle da hannuwa a harɗe.

Ya dubi hagu. Ciyawa ce shimfiɗe har igiyar iyaka, bayan igiyar kuma jerin kujeru babu kowa, sai mutum huɗu a layin gaba: ɗankwalin uwarsa mai ruwan goro, Virtue, hular kwanon Mista Ebenezer, da mahaifinsa. Duk faɗin filin nan, can suka zaɓa. Bobai ya cusa hannuwansa biyu cikin aljihun kwat.

Ta goma sha biyar ta zo a ƙafa. Eli ya fara da hannu, hannun ya tsaya, ƙwallon ta daki kariyar ƙafarsa. Abokan hamayya suka yi ihu suna roƙon alƙali ya fitar da shi. Alƙalin ya daɗe yana dubawa, sannan ya girgiza kai.

Ta goma sha shida ma a ƙafa. Ya jira ta. Ƙafa baya, ƙugu. Bai ma san lokacin da hannun ya bi ba. Ƙwallon ta ratsa tsakanin mutum biyun nan a guje, ta haye igiya, maki huɗu, ta tsaya 'yan taku daga takalmin Mista Ebenezer. Tsohon ya cire hularsa yana kaɗawa.

"Sa'a ce," in ji na bayan turaku.

Bayan jifa uku Eli ya sake, wannan karon ta ɗan tashi sama, ta faɗi inda babu kowa. Wata kuma ya kuskure gaba ɗaya. Amma da ya yi ta uku, kyaftin ɗin abokan hamayya ya tsaya ya sosa kai, ya ɗaga hannu ya kira mutum ɗaya daga dama ya tura shi hagu. Eli ya bi mutumin da kallo yana tsallaka fili. Shekara uku rabon da wani kyaftin ya motsa mutum saboda shi. Inda mutumin ya bari a dama ya zama ƙofa, kuma wannan ƙofar Eli ya san ta tun yana yaro. Ya aika biyu ta nan kafin a tafi hutun abincin rana.

Bayan hutu ya kai maki arba'in da uku. Aka jefo masa wata gajera a ƙirji, daɗin abin ya ɗebe shi, ya dake ta sama zuwa hagu da dukan ƙarfinsa. Mutumin da aka tura can bai ko motsa ba, ta faɗo masa a hannu. Eli ya tsaya kamar bai yarda ba, sannan ya kama hanyar fita yana dukan kariyar ƙafarsa da sanda. A shekara goma, wannan ne karo na farko da aka cafe shi a iyakar hagu.

Kocin yana bakin ƙofar ɗakin sauya kaya. Bai matsa masa ba.

"Wannan na ƙarshen wauta ne."

"Na sani, Koci."

"Wa ya buɗe maka hannun?"

"Babana. Shi ya rufe shi da ma."

Kocin ya dube shi, bai nemi bayani ba.

"Goma ga Nuwamba, ƙarfe tara. Shekara ɗaya zan ba ka, ba biyu ba. Bugun bai zauna a hannunka ba tukuna."

Da aka tashi wasa da yamma ya same su a bakin ƙofar fili. Celestina ta rungume shi ta ce yana warin gumi. Virtue ta ce rabin shekarar nata ne, kafaɗarta ce ta biya. Bobai bai ce komai a kan kwantiragin ba.

"Ka yi saurin juya hannu a ta ƙarshen," in ji shi. "Gajera irin wannan ƙasa ake danna ta. Gobe kafin ku fara zan nuna maka." Ya duba agogo. "Mu yi sauri, mai yankan gilashi yana rufewa ƙarfe bakwai. Uku za mu saya."

"Biyu," in ji Mista Ebenezer, da aka fassara masa. "Naka ramin, Bobai, a bar mini shi. Ina so in riƙa nuna wa mutane."

"Sanyi zai shiga, Mista Ebenezer."

"Zan sa leda."

Suka tsaya jiran bas, tsofaffin biyu suna ta gardama a kan ledar. Eli zai koma otal, amma ya ce zai raka su har motar ta zo. Akwai zagaye na biyu na bugu ranar Laraba, kuma yanzu sun san zai buga hagu, za su zo masa da wata dabarar. Ya karɓi lemar uwarsa, ya ja ƙafar dama baya a kan dakalin titi, ya juya ƙugu.

"Za ka tsone wa wani ido," in ji Celestina.

Bobai ya zare hannu daga aljihu, ya kama gwiwar hannun ɗansa ya ɗan sauke ta ƙasa.

"Sake," in ji shi.